Filin Tambaya da Amsa: Harsunan Kwamfuta da Kowane Gini a Cikinsu Yake Dawo da Ƙima

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun taru ne a kan batu guda, ko da yake kowane mai tambaya ta ƙofarsa ya shigo. Batun shi ne harsunan sikirif, wato harsunan rubuta manhaja waɗanda tafinta yake karantawa ya aiwatar nan take, musamman irin waɗanda aka gina a kan ƙa'idar cewa duk abin da aka rubuta a cikinsu yana haifar da ƙima. Na zaɓi wasiƙu shida, na taƙaita wasu daga ciki domin fili ya ishe mu.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, na shekara guda ina koyon Python. Kwanan nan na fara leƙa Ruby, sai na ga an rubuta sunan ma'aji, wato wurin da ake ajiye ƙima, an sa alamar daidai, sannan kalmar if ta biyo baya kai tsaye. Na gwada haka a Python, ya ƙi karɓa. Haka kuma idan na buɗe irb, wato allon Ruby mai amsawa nan take, na rubuta puts "sannu", yakan buga sannu ɗin, sai kuma ya ƙara da => nil a ƙasa, alhali ban tambaye shi komai ba. Shin kuskure nake yi?

Amsa: Ba kuskure kake yi ba, ɗan'uwa, kuma abubuwa biyun da ka gani tushensu ɗaya ne. Domin mu fahimci juna, zan fara da kalmomi biyu da zan riƙa amfani da su har ƙarshen filin nan. Ta farko ita ce furuci, wato duk wani yanki na rubutun manhaja da kwamfuta za ta auna ta fitar da ƙima daga cikinsa. 3 + 4 furuci ne, ƙimarsa 7. Haka ma maki >= 50 furuci ne, ƙimarsa ko dai gaskiya ko ƙarya. Ta biyu ita ce umarni, wato yankin da yake sa a yi wani aiki, amma idan aikin ya ƙare ba ya barin komai a hannu da za a miƙa wa na gaba.

Duk wanda ya yi nahawun Hausa ya riga ya san wannan bambanci ko da bai taɓa kwamfuta ba. "Rufe ƙofa" jimlar umarni ce, tana tsayawa da ƙafarta, kuma ba za ka iya cusa ta a gurbin suna ba. "Ƙofar da take gabas" kuwa yankin suna ne, yana nuni ga wani abu, don haka yana shiga duk inda suna zai shiga: na ga ƙofar da take gabas, ƙofar da take gabas ta lalace, ya tsaya kusa da ƙofar da take gabas. Furuci haka yake. Tunda ƙima yake wakilta, ana iya ajiye shi a ma'aji, ana iya miƙa shi ga fankshin, wato dunƙulen aiki mai suna da ake kira ya dawo da amsa, ana iya sa shi a cikin wani furucin da ya fi shi girma.

A Python, ginin if umarni ne, shi ya sa dole ka rubuta shi kamar haka:

if maki >= 50:
    sakamako = "ya ci"
else:
    sakamako = "ya fadi"

A Ruby kuwa if furuci ne, ƙimarsa ita ce ƙimar reshen da aka bi:

sakamako = if maki >= 50
  "ya ci"
else
  "ya fadi"
end

Ka lura cewa a rubutun farko sunan sakamako ya fito sau biyu, kuma da rassan shida ne da ya fito sau shida. Idan marubuci ya manta shi a reshe ɗaya, ko ya yi kuskuren harafi a ciki, ma'ajin zai kasance babu shi sam ko kuma ya ci gaba da riƙe tsohuwar ƙima, kuma ba za a gane ba sai ranar da aka bi ta wannan reshen. A rubutu na biyu sunan sau ɗaya ya fito, kuma mai karatu yana ganin layin farko ya san manufar dukan ginin, wato a zaɓi ƙima ɗaya a ba sakamako. A ganina wannan ita ce babbar fa'idar tsarin, ta fi rage yawan rubutu muhimmanci nesa ba kusa ba.

Idan ka taɓa aiki da Excel, to ka daɗe kana rubuta irin wannan. Wanda ya sa =IF(A1>=50,"ya ci","ya faɗi") a cikin gurbi ba umarni ya bayar ba, furuci ya rubuta, kuma ƙimar furucin ita ce take bayyana a gurbin. Shi ya sa ake iya saka IF a cikin wani IF, ko a cikin SUM, ba tare da wata matsala ba. Haka CASE yake a harshen SQL.

Sai batun nil. Aikin irb shi ne ya nuna maka ƙimar duk abin da ka rubuta. Kalmar sannu da ta fito a allo aikin puts ce, nil ɗin da ya biyo baya kuwa ƙimarsa ce. Harshen da ya ɗauki alkawarin cewa kowane gini zai dawo da ƙima dole ne ya tanadi abin da za a miƙa idan babu abin miƙawa. Ruby ya tanadi nil, Julia ya tanadi nothing, R yana amfani da NULL, Scala da Kotlin suna da Unit, Rust kuma baka biyu ne da babu komai a tsakaninsu. Idan ka rubuta if a Ruby ba tare da else ba, kuma sharaɗin bai cika ba, nil za ka samu.

Rabuwar hanyoyin nan biyu tsohuwa ce. FORTRAN, wanda John Backus da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin IBM a 1957, ya bi tsarin yadda na'ura take aiki: yi wannan, ajiye wancan, tsallaka zuwa layi kaza. A 1958 John McCarthy ya fara aikin Lisp a jami'ar MIT da ke Amurka, yana ɗaukar tunaninsa daga lissafi, ciki har da tsarin lambda na Alonzo Church na shekarun 1930. Shi ne ya kawo furucin sharaɗi, kuma ta hanyarsa ya shiga ALGOL 60. Daga baya ALGOL 68 ya faɗaɗa ra'ayin har kusan kowane gini ya zama mai ƙima. Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne cewa Backus da kansa, a laccar da ya gabatar lokacin karɓar lambar yabo ta Turing a 1977, ya soki hanyar da shi ya share. Ya yi bayanin cewa umarnin ajiye ƙima ya raba rubuta manhaja gida biyu: duniyar furuci da take dama da alamar daidai, mai tsari da ƙa'idojin lissafi, da duniyar umarni, wadda ba ta da irin wannan tsari. Yukihiro Matsumoto, wanda ya fitar da Ruby a Japan a 1995, ya ɗauki abubuwa da yawa daga Lisp, kuma wannan yana cikinsu.

Shi ma Python bai tsaya inda ya fara ba. A 2006, da fitowar Python 2.5, an ƙara masa furucin sharaɗi, don haka kana iya rubuta sakamako = "ya ci" if maki >= 50 else "ya fadi" a layi guda. Sai dai furuci kaɗai yake shiga rassansa, umarni ba ya shiga.

Tambaya: Malam, ina rubuta ƙananan sikirif a wurin aikina. Ina da fankshin a Ruby da yake tara lambobi ya ba da jimla, kuma ya daɗe yana aiki lafiya. Ranar nan ina neman wani kuskure daban, sai na ƙara layi ɗaya a ƙarshensa, puts jimla, domin in ga abin da yake fitarwa. Lambar ta fito daidai a allo, amma sauran shirin ya rushe yana ƙorafi a kan nil. Na kwana biyu ban gane dalili ba. Me ya faru?

Amsa: Malama, abin da ya same ki shi ne ɗaya fuskar fa'idar da na yaba a sama, kuma ina so masu karatu su kalle shi da kyau. A Ruby, idan ba a rubuta return ba, ƙimar fankshin ita ce ƙimar furuci na ƙarshe da aka auna a cikinsa. Da can layin ƙarshe jimla ne, don haka lambar ce take fita. Da kika ƙara puts, shi ya zama na ƙarshe, kuma ƙimarsa nil ce. Lambar ta je allo, amma wanda ya kira fankshin ɗin hannu wofi ya koma.

Gyaran yana da sauƙi. Ko dai ki mayar da layin dubawar sama da layin ƙarshe, ko ki yi amfani da p a maimakon puts, domin p yana bugawa sannan ya dawo da abin da aka ba shi, ƙimar ba ta ɓacewa a hanya.

Wannan tarko yana da siffofi daban-daban a harsuna daban-daban, kuma sanin su yana da amfani. A PowerShell, wanda Microsoft ya fitar a 2006, lamarin ya fi haka tsanani, domin ba ƙimar layin ƙarshe kaɗai take fita ba: duk wata ƙima da aka samar a cikin fankshin ba a ajiye ta a ma'aji ba, tana shiga cikin abin da fankshin ɗin zai fitar. Misalin da ya fi cin mutane shi ne wani nau'in jeri mai suna ArrayList, wanda hanyarsa ta Add take dawo da lambar gurbin da aka saka abu. Mutum zai ƙara abubuwa uku a jeri, ya dawo da jerin, sai ya tarar da 0 da 1 da 2 sun riga jerin fita. Shi ya sa ake ganin Out-Null da $null = a warwatse cikin rubutun masu wannan harshe, aikinsu kawai su haɗiye ƙimar da ba a so.

A CoffeeScript, wanda Jeremy Ashkenas ya fitar a ƙarshen 2009, zagayen for ma furuci ne, ƙimarsa jeri ne na sakamakon kowane zagaye. Wannan yana da daɗi idan jerin kake so. Amma idan zagayen ya kasance abu na ƙarshe a fankshin, kuma kai aiki kawai kake so ya yi, harshen zai tara jerin duk da haka ya dawo da shi. Zagaye dubu ɗari yana nufin jeri mai gurbi dubu ɗari da babu mai buƙatarsa. Maganin da aka saba shi ne a sa return shi kaɗai a layin ƙarshe.

Rust ba harshen sikirif ba ne, amma yadda ya tunkari matsalar abin koyi ne. A wurinsa, waƙafi mai ruwa a ƙarshen furuci yana nufin a auna shi a zubar da ƙimar. Idan fankshin ya yi alkawarin dawo da lamba, kuma marubuci ya sa waƙafi mai ruwa a layin ƙarshe, shirin ba zai ma haɗu ba, za a nuna masa wurin tun kafin a gudanar da komai. Harsunan sikirif da yawa ba sa duba nau'in ƙima kafin aiki, don haka wannan tsaron yana komawa wuyan marubuci. Shawarata gare ki ita ce ki ɗauki layin ƙarshe na kowane fankshin a matsayin layi na musamman. Idan fankshin ɗin gajere ne, layi biyu ko uku, ki bar ƙimar ta fita da kanta, haka masu Ruby suke yi kuma yana da kyan karatu. Idan ya yi tsawo, ko kuma wasu za su riƙa taɓa shi bayanki, ba laifi ba ne ki rubuta return a fili. Idan kuma aiki kawai fankshin ɗin yake yi, ki rufe shi da nil da gangan, kada wani ya zo ya dogara da ƙimar da ta fito bisa tsautsayi.

Tambaya: Ana cewa a waɗannan harsuna "komai" ƙima ne. Shin da gaske komai da komai ne, ko kuwa zuguguwa ce ta masu tallata harshensu?

Amsa: Akwai ɗan ƙari a maganar, amma ba mai yawa ba. A Ruby, zagayen while yana dawo da nil, sai dai idan an fita daga cikinsa da break mai ɗauke da ƙima, to wannan ƙimar ce za ta fito. Ginin case yana da ƙima, ginin begin da rescue na kama kuskure yana da ƙima, jikin class ma yana da ita. Tun daga Ruby 2.1 na 2013, bayyana fankshin da def yana dawo da sunan fankshin ɗin, kuma wannan ne ya sa ake iya rubuta private def a layi ɗaya, domin private yana karɓar sunan da def ya miƙo masa. Duk da haka, idan ka rubuta x = return, Ruby zai ƙi. Dalilin a bayyane yake: return da break da ire-irensu suna ɗauke aiki ne su kai shi wani wuri, ba sa komowa inda aka kira su balle su miƙa wani abu. CoffeeScript ma ya keɓe break da continue da return. Kotlin da Rust sun bi wata dabara, suka ba irin waɗannan gine-gine nau'i na musamman mai ma'anar "wannan ba zai taɓa dawowa ba", don haka suna iya zama a gurbin furuci ba tare da sun karya ƙa'ida ba.

Amma akwai wata ma'ana ta biyu da ake yawan cakuɗawa da ta farko, kuma ta fi zurfi. Cewa gini yana haifar da ƙima abu ne daban, cewa ginin shi kansa ƙima ne da za a iya ɗauka a ajiye abu ne daban. A Lisp, shirin da ka rubuta jeri ne, irin jerin da shirin yake sarrafawa, saboda haka shiri yana iya karɓar wani yankin shiri, ya sauya shi, sannan ya gudanar da shi. A Tcl, wanda John Ousterhout ya ƙirƙira a 1988, if ba wata kalma ce mai gata ba, suna ne kamar sauran sunayen ayyuka, yana karɓar sharaɗi da jiki a matsayin rubutu, kuma mai amfani yana iya ƙera nasa ginin da zai yi kama da shi sak. A Smalltalk, sharaɗi saƙo ne da ake aika wa gaskiya ko ƙarya tare da dunƙulen aiki biyu, gaskiya ta gudanar da na farko, ƙarya ta gudanar da na biyu. A R ma, if fankshin ne a ƙarƙashin rigarsa, ana iya kiransa da suna kamar kowane fankshin. A irin waɗannan harsuna, iyakar da take tsakanin abin da mai harshe ya gina da abin da mai amfani zai iya ginawa ta yi siriri ƙwarai, kuma a nan ne nake ganin ra'ayin ya kai maƙurarsa.

Tambaya: Malam, na yi shekaru ina rubuta C, kuma ban yarda da wannan yabo ba. A C ajiye ƙima furuci ne, kuma na ga irin ɓarnar da if (x = 5) yake yi idan mutum yana nufin if (x == 5). Ashe mayar da komai furuci ba ƙara buɗe ƙofar irin wannan ba ne?

Amsa: Yallaɓai, a kan ajiye ƙima ina tare da kai, kuma tarihi ma yana tare da kai. A watan Nuwamba na 2003 wani ya yi ƙoƙarin cusa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar shiga ba da izini ba, a zuciyar Linux, manhajar da take tafiyar da kwamfuta, da wannan dabarar. Ya ƙara layi biyu da suke kama da binciken kuskure na yau da kullum, amma a cikin sharaɗin an rubuta current->uid = 0 da alamar daidai ɗaya. Mai karatu da sauri zai ɗauka ana tambaya ne ko mai amfani shi ne babban mai iko, alhali layin mayar da shi babban mai iko yake yi. An gano sauyin ne domin ya bayyana a kwafin ma'ajiyar rubutun Linux da ake riƙe da manhajar CVS ba tare da ya bi ta babbar ma'ajiyar da ake riƙe da manhajar BitKeeper ba, kuma bai taɓa shiga Linux ɗin da ake rabawa ba.

Masu ƙera harsuna sun ɗauki darasi daga irin wannan. A Go da Lua ajiye ƙima umarni ne zalla. Kotlin misali ne mai kyau, domin ya mayar da if da when da try furuci, amma ya hana ajiye ƙima zama furuci. Python ya yi kusan shekara talatin a kan haramcin, kuma da aka zo sassautawa, sai aka ƙirƙiro alama dabam, :=, wadda ta shigo da Python 3.8 a 2019, domin kada a taɓa rikita ta da alamar daidai ta kullum. Muhawarar da aka yi a kan wannan alama ta yi zafi har Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri harshen, ya sauka daga matsayinsa na mai yanke hukuncin ƙarshe a watan Yuli na 2018.

Inda na saɓa da kai shi ne a kan dalilin ɓarnar. Laifin if (x = 5) ba wai yana da ƙima ba ne, laifinsa shi ne yana yin abu biyu a lokaci guda: yana sauya wani abu a ɓoye, yana kuma ba da amsa a fili, kuma idon mai karatu amsar kaɗai yake nema a wannan gurbi. Bertrand Meyer, mai harshen Eiffel, ya kafa ƙa'idar cewa yin tambaya bai kamata ya sauya amsa ba, wato abin da yake ba da ƙima kada ya sauya komai, abin da yake sauya abu kuma kada a nemi ƙima a wurinsa. Idan ka auna da wannan ma'auni, za ka ga if mai ƙima yana rage haɗari ne, domin yana mayar da ajiya shida ta koma ɗaya, kuma yana ba da damar a kulle ma'ajin daga sauyi tun daga haihuwarsa. Kai kanka a C kana amfani da alamar tambaya da ruwa biyu domin wannan buƙata, sai dai ba ta ɗaukar reshe mai tsawo. Ina ganin wannan ne ya sa harsunan da suka taso a gidan umarni suke karɓar rabin ra'ayin suna barin rabi: Java 14 ya tabbatar da switch mai ƙima a 2020, PHP 8.0 ya kawo match a shekarar, Swift 5.9 ya ba if da switch ƙima a 2023.

Akwai haɗari ɗaya da ba ka ambata ba, wanda ni ya fi damuna. Tunda komai yana shiga cikin komai, marubuci yana iya cusa case a cikin if a cikin kiran fankshin a cikin wani kiran, har layi ɗaya ya gagari wanda ya rubuta shi bayan wata biyu. Harshen ba zai hana shi ba. Ba wa ƙimomin tsakiya sunaye masu ma'ana shi ne magani, ko da rubutun zai ƙaru da layi uku.

Tambaya: Shin shirin da aka rubuta da salon furuci ya fi na umarni sauri, ko ya fi shi nauyi?

Amsa: A mafi yawan lokuta babu bambancin da za ka ji. Na'ura ba ta san furuci ba, jerin ƙananan umarni kawai take bi, kuma rubutu biyun da na kawo a amsar farko kusan abu ɗaya suke komawa bayan an fassara su. Inda nauyi yake shigowa shi ne idan an gina babbar ƙima da babu mai amfani da ita, kamar jerin CoffeeScript da na ambata, ko amfani da map a Ruby a wurin da each ya isa, tunda map sabon jeri yake ginawa, each kuwa jerin asali yake dawowa da shi. Zaɓin salo a nan domin mai karatu ake yinsa.

Tambaya: Ni malamar lissafi ce, kuma an ɗora mini koyar da farkon rubuta manhaja. Ɗalibaina suna rikicewa idan suka ga x = x + 1, suna cewa wannan ƙarya ce a lissafi. Da wanne ya kamata in fara musu, furuci ko umarni?

Amsa: Malama, ɗalibanki sun yi gaskiya, kuma ina roƙonki kada ki kashe musu wannan fahimta. A lissafin da kika koya musu, alamar daidai tana nufin ɓangarori biyu abu ɗaya ne, kuma duk inda aka ga ɗaya ana iya musanya shi da ɗayan. A x = x + 1 alamar tana nufin wani abu dabam, wato a auna dama, a zubar da abin da yake cikin x, a sa sabo. Wannan ya shigo da lokaci cikin lamarin, akwai x na da, akwai x na yanzu. Shi ya sa ALGOL da Pascal suka zaɓi := domin ajiya, R kuma ya zaɓi kibiya mai kallon hagu.

Ra'ayina shi ne ki fara da furuci, domin shi ne gadar da take haɗe da abin da suka riga suka sani. Ki buɗe musu allon da yake amsawa nan take, irb ne ko na Python ko na R, su rubuta 3 + 4 su ga 7, su rubuta 7 > 10 su ga ƙarya, su gane cewa gaskiya da ƙarya ma ƙimomi ne kamar lambobi. Daga nan sai sharaɗi a matsayin zaɓi tsakanin ƙima biyu, wanda suka riga suka haɗu da shi a darasin ƙimar lamba ba tare da alamarta ba: idan x bai kai sifiri ba amsa ita ce -x, in ba haka ba amsa ita ce x. Sai fankshin a matsayin furuci mai suna da gurabe. A duk wannan mataki za su iya bin shiri da fensir a takarda, suna musanya kowane yanki da ƙimarsa har a kai ga amsa, kamar yadda suke warware aljabara.

Bayan wannan ya zauna sai ki kawo ajiya mai sauyawa da zagaye, ki gabatar da su a matsayin sabon abu mai buƙatar sabuwar dabarar bibiya, wato tebur mai shafi ga kowane ma'aji da layi ga kowane mataki. Wani aiki da nake ba ki shawarar ki gwada shi ne ki ba su gajeren shiri mai layi goma, ki ce su rubuta abu biyu a gefen kowane layi: me ya aikata, kuma wace ƙima ya dawo da ita. A layin 3 + 4 shafin farko zai zama wofi. A layin puts shafi na biyu zai zama nil. A layin x = x + 1, idan Ruby kuke amfani da shi, shafukan biyu duka za su cika, kuma daga wannan layin za ki iya buɗe musu bayanin bambancin alamar daidai ɗaya da alamar daidai biyu.